Rumman uku a cikin buhu

Duk wanda ya zauna da Ba Kyari ya san amsarsa guda ce: "Ba lokacinsa ba ne." Ko aron gatari ka zo, ita za ka samu. Shekara talatin yana malamin gona, ya bar aiki da doka ɗaya: ba a tuge itace a dasa sai da sanyi, sa'ad da itacen yake barci. Ni da na koyar da ƴaƴansa a lakwal, makarantar boko, har ake ce mini Mushe, wato malam, ya taɓa iske ni ina dasa gwaiba ana tsakar zafi. Ya dube ta, ya yi mini ta'aziyya, ya wuce.

Sai ga shi an ba ƙauyenmu na bakin Komadugu kwana biyu mu tashi, da bazara, saboda mutanen daji masu bindiga. Kowa na ɗaure katifa da buhun tattasai, shi yana garka yana haƙo rumman uku da lemun tsami ɗaya, da ƙasarsu, yana zubawa a buhuna. Na ce, "Ba Kyari, ai ba lokacinsa ba ne."

Bai ɗago ba. "Mushe, ni ma ba lokacina ba ne."

Itatuwa suka hau amalanke, an yi musu rumfa da zanen matarsa, Ya Falmata. Ita ta taka da ƙafa, kuma har Diffa ba ta bar kowa ya manta ba.

A shingen sojoji wani ya zaro wuƙa zai caka buhun lemun, ya ga ko ƙasa ce kaɗai a ciki. Tsoho ya miƙa masa cikinsa: "Caki nan, ɗana. Ni na gama ƴaƴa." Sojan ya yi dariya, ya caki buhun. Lemun bai yi mako ba.

A sansanin bakin kwalta ruwa da jarka ake rabo, saboda haka Ba Kyari ya hana kowa alwala sai a kan buhunan. Ka zo gaisuwa, kafin ka zauna ya tambaye ka ko ka tabbata alwalarka ba ta karye ba.

Da sanyi ya shigo muka ce to, yanzu sai a sa su ƙasa. Ya ƙi. Ya ce ranar da ya haƙa musu rami a nan, ya yarda ke nan ba za mu koma ba. Sanyi uku muna wannan gardama. Rumman biyu suka bushe a buhu, sannan shi ma ya kwanta.

Bayan jana'iza muka je mu matsar da na ƙarshen cikin inuwa. Mu biyu, buhu ya ƙi ɗaguwa. Saiwa ta fasa gindinsa ta nutse cikin rairayi. Ya Falmata ta ce tun bara marigayin ya gani, shi ya sa ya kewaye shi da tsohuwar tabarma, ya roƙe ta kada ta gaya wa Mushe.

Allah ya jiƙanka, Ba Kyari. Ya sauke ka inda ba mai sake ce maka tashi.