Jiran Iska a Masussukar Gwaggo

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Zakirai, ni da wata ƙawata da muka yi ajin yaƙi da jahilci tare. Kunci muka nufa, wajen gwaggona, ƙanwar mahaifina.

Abin da ya kai ni ba na ɓoyewa ba ne. Tun da na koyi karatu da furfurata na san ma'anar Fatiha, sai na lura bakina ne kawai ke salla, zuciyata tana tsakar gida tana gadin ƙullun ƙosai. Akuya ta doso shi, in daka kabbara da ƙarfi, ta arce. Duk matan layinmu haka suke yi, amma ni ban yi karatu don in riƙa korar akuya da sunan Allah ba. Gwaggo kuwa an ce in ta tayar da salla, ko kaza ta hau kafaɗarta ba ta sani.

Kuɗin mota ya ninka na bara, ga mutum huɗu a baya, ga ni ba ƙarama ba. Muka canja mota a Kano, muka bi ta Bichi, inda muka sha furar da nononta bai ga ruwa ba. Daga nan sai gonaki manne da juna, dammunan gero a jingine, direba yana kauce wa ramuka kamar ya san kowanne da sunansa.

A masussukar ƙauyensu muka iske Gwaggo cikin mata ana shiƙa. Bayan gaisuwa na ce, "Gwaggo, natsuwa na zo ki koya mini."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke, da wannan bakin naki? Ungo ƙwarya."

Na ɗaga ƙwaryar gero sama, ko ganye ba ya motsi. Na ce ai babu iska.

"To kira ta mana, tunda kin iya tsawa."

Mata suka kwashe da dariya. Ƙawata ta gaji da jira ta zuba, ƙaiƙayi ya lulluɓe ta har gira. Gwaggo ta matso kusa da ni ta ce in daina leƙen sama, in ja numfashi da "La'ilaha", in sake shi da "illallah", in tsaya a nan.

Zuciyata ta tafi kasuwa, ta tafi gida, ina jawo ta da numfashi tana kuɓucewa. Can sai surutun cikina ya lafa. Kafin ganyen darbejiya ya motsa na ji sanyi a gumin bayan kunnena. Na karkata ƙwarya, tsaba ta zubo tas, ƙaiƙayi ya yi gabas.

Gwaggo ta ce, "Haka za ki tsaya a gaban Ubangiji."

Muka yi 'yan kwanaki muna cin dambu, kullum da hantsi ina masussuka.

Ranar da na dawo gida, ina raka'ar farko ta la'asar akuyar ta zo. Na ji takunta, na ji lasar harshenta a robar ƙullu. Na ja numfashi, na ci gaba da Fatiha kalma kalma har na sallame. Rabin ƙullu ya tafi.

Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga. "Hajiya, ba ki ji akuya ba ne?"

Na ce, "Na ji ta sarai. Magana nake da wanda ya halicce ta."

Tafiyar nan ta koya mini cewa natsuwa ba ta amsa tsawa, tsayuwa ake yi a jira ta. Ƙullu kuwa, yanzu kife masa turmi nake kafin in yi alwala.