Goron da Ban Kai Bawku Ba

Shekarun baya, lokacin ina sabon malamin Turanci a wata makarantar midil a Yendi, ban yarda akwai wanda ya kai ni iya magana a duk arewacin Ghana ba. Ina da wani ƙamus mai jan bango da nake yawo da shi a hammata har wurin mai koko. Abokaina suna tsokanata wai ko gaisuwa zan yi sai na duba shi tukuna.

Mu 'yan Salaga ne, jikokin fataken goro. Mahaifina doya yake saye yana lodawa kudu, amma goro bai taɓa barin gidanmu ba. Ba a neman aure, ba a gayyatar babba, ba a ba da haƙuri sai da shi. Kuma ba a ba bare ya kai. Ɗan gida ne zai ɗauka ya je, ya durƙusa, ya faɗi saƙon da bakinsa.

Mahaifina yana da ƙane guda ɗaya, mai sayar da albasa a Bawku, muna kiransa Baba Ƙarami. Shekara bakwai ba sa magana, tun wata baƙar magana da suka gaya wa juna a zaman makokin kakarmu. Da aka sa ranar bikin ƙanwata, sai mahaifina ya kira ni zaure. Na same shi yana tsince farin goro ɗaya bayan ɗaya, yana jera shi cikin ɗanyen ganye. Ya ɗaure da kansa, ya miƙo mini.

"Ka kai wa babanka na Bawku, hannu da hannu," in ji shi. "Ka ce yayansa ne ya aiko ka, 'yarsa za ta yi aure. In ya karɓa, komai ya wuce. Ka riƙa yayyafa masa ruwa a hanya."

Na ce, "An gama, Baba." Ni da ma bakina bai taɓa kasa komai ba.

Ina isa Yendi hedimasta ya tare ni da labarin cewa sufeton makarantu zai zo mako mai zuwa ya kalli darasina. Nan take goro ya fita daga raina. Na zauna na shirya darasi a kan yadda Turawa ke cewa mutum ya cika aiki. Har yau ina iya ganin allon. Carry out, wato aiwatar da abin da aka sa ka. Pull off, wato cin nasarar abu mai wuya wanda ba a zaci za ka iya ba. See through, wato bin abu har ƙarshensa ko da ka gaji. Na ƙirƙiro misalai biyar biyar, ina maimaita su a gaban madubi.

Zuwa Bawku kuwa yini guda ne a bayan lori, a bi ta Garu, dawowa ma yini guda. Sai dabara ta zo mini, irin ta masu ilimin boko. Na rubuta wa Baba Ƙarami wasiƙa shafi biyu da Turanci, Turancin da ni kaina sai da na buɗe ƙamus sau uku. A ƙarshe na ce goro yana tafe. Na kai wa wani abokina direba a tasha.

Ya juya ambulan ɗin ya ce, "Ticha, takarda zan kai, ba wahala. Amma tsoho kamar wannan, takarda kawai? Kai ba ka zuwa?"

Na ce masa zamani ya canza, ya kama aikinsa.

Sufeto ya zo, ya yaba, har ya ce a kawo malaman wasu azuzuwa su gani. Na yi kwanaki ina tafiya ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Ranar da na tuna da ƙunshin a saman kabad, ganyen ya bushe ƙamas, goron ya yanƙwane ya yi tauri. Zan iya sayen wani a kasuwar Yendi in hau lori washegari. Ban yi ba. Na ce ai wasiƙa ta riga ta je, na zuba goron a rami bayan makaranta.

Da na koma Salaga ana saura kwana biyu biki, mahaifina bai bari na ajiye jaka ba.

"Ka kai?"

"Saƙo ya isa, Baba."

"Me ya ce?"

"Ya ce ya ji."

Ranar ɗaurin aure ya shimfiɗa buzu na daban kusa da nasa, ya hana kowa zama a kai. Ya sa mahaifiyata ta ware cinyar rago. Duk lorin da ta yi ƙara a kan titi sai ya katse hira ya ɗaga kai. Ina tsaye ina raba wa baƙi goro, ina ganinsa, kuma na san abin da na yi. Bayan la'asar ya naɗe buzun da kansa ya ce, "To, ni dai na yi nawa." Bai sake ambaton ƙanensa ba, ni ma ban buɗe baki ba. Kullum ina cewa sai na samu lokacin da ya dace.

Damina ɗaya aka yi, mahaifina ya rasu. Baba Ƙarami ya zo ranar sadakar uku, ya zauna can gefe, ya yi addu'a ya koma. Bayan arba'in na kasa zama, na hau lorin da na ƙi hawa a baya. Kafin la'asar ina Bawku.

Na same shi a rumfarsa cikin buhunan albasa. Na durƙusa na faɗa masa komai, har ramin bayan makaranta. Ya tashi ya ce in biyo shi gida, ya buɗe akwatin ƙarfe, ya fito da wasiƙata da wata babbar riga shuɗiya, karinta ko fashewa bai yi ba.

"Mai kantin magani ya karanta mini takardarka a gaban jama'a," in ji shi. "Ya ce Turancin ya fi ƙarfinsa. Abin da ya gane kawai, akwai biki rana kaza, kuma goro yana tafe. A ranar na kai wannan ɗinki. Kullum lorin Yendi ta shigo ina tasha. Da ranar ta wuce sai na ce yaya ya fasa." Ya shafa rigar. "Ɗana, ko busasshen ka kawo, ai da na karɓa."

Ya yafe mini a wurin, ya sa aka kawo mini tuwo.

Na yi shekaru ina koyarwa bayan nan, kuma kowace shekara sai manhaja ta dawo da ni kan wannan darasi. Ina rubuta kalmomin a allo, ina bayanin bambancinsu daidai, amma ban ƙara jin daɗinsu ba. A danginmu yanzu an san ni da ɗaukar goro, duk nisan gari ni ne mai zuwa, har yara suna cewa kawu yana son yawo. Ban taɓa gaya musu dalili ba. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, mahaifina ya tafi yana zaton ƙanensa ya karɓi goronsa ya ƙi zuwa, kuma ni kaɗai ne a gidanmu na san ba haka ba ne.