Motar Marigayi Egbert

Roelof Zwiers manomi ne a wani ƙauye na lardin Drenthe, can ƙasar Turawa, ko dai a ce tsohon manomi, don shanun sun daɗe da ƙarewa. Abin da ya rage masa kaji ne, da ciwon gwiwa, da tsohon ɗakin shanu mai yoyo. Aure bai taɓa yi ba. Ɗan'uwa yana da guda, yayansa Egbert, amma tun rabon gonar mahaifinsu ba sa ga-maciji da juna, a kan wani ɗan lambatu da ko akuya za ta tsallake. Egbert ya koma cikin gari, Roelof ya zauna da lambatunsa.

Ɗakin shanun nan shi ya jawo masa Lubbers, dillalin tsofaffin motoci. Masu tara irin waɗannan motoci mutane ne da sai Allah: ka wanke musu mota tas, su yatsine fuska, ka nuna musu wadda kaji suka shekara suna kashi a kanta, jikinsu ya hau rawa, wai an tsinto ta yadda mai ita ya bar ta. Lubbers ya san haka sarai. Sai ya haɗa gangar jikin wannan da injin waccan, ya yi walda, ya kawo wa Roelof ta yi hunturu a ɗakin. Roelof ya riƙa watsa hatsi a kan bonet, kaji su ƙarasa aikin.

"Saura labari, tsoho," in ji Lubbers. "Ka ce ta ɗan'uwanka ce da ya rasu, ka kasa taɓa ta."

Roelof bai iya ƙarya da sunan ƙirƙira ba, mantawa yake yi. Sai ya ce Egbert. Har tsohon hoton yayan nasa yana saurayi ya ɗauko. Abin mamaki, duk sanda ya kai wurin mutuwar, hawaye na gaske suke zubo masa.

"Kai, tsohon nan, ashe ɗan wasan kwaikwayo ne kai!" Lubbers ya ce, yana bubbuga masa kafaɗa.

Haka Egbert ya mutu ya bar Fijo, shekara ta zagayo ya sake mutuwa ya bar Marsandi. Duk ranar da aka ja mota aka tafi, Roelof ba ya iya cin abinci don kunya. A coci ma ya koma kujerar baya. Kullum sai ya ce daga wannan an gama.

Wata Asabar wani likitan haƙori daga birnin Utrecht ya zo da matarsa ganin wata Marsandin. Suna shan kofi tare da Lubbers a bakin ɗakin, Roelof ya kai daidai wurin hawaye, sai ga wani tsoho a kan keke, ya rame ƙwarai, da mujallar motoci a naɗe cikin aljihu. Lubbers ne ya buga talla a ciki, har da hoton. Tsohon nan mai keke kuwa Egbert ne. Roelof ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Lubbers bai san shi ba. Likitan ya dubi mai keken ya ce, "Baba, ko kai ma ka san marigayin?"

Egbert ya dubi motar, ya dubi kashin kajin. Shi da ko lasin tuƙi bai taɓa yi ba.

"Na san shi," ya ce. "Tare muka taso. Taurin kai gare shi, amma ba ɓarawo ba ne. Bara ya sha jinya a asibiti. Ko yaushe idonsa na kan ƙofa, wai ko ƙaninsa zai leƙo."

Matar likitan ta kama hannun Roelof. "Ayya! Ai ka je, ko?"



"Bai je ba," in ji Egbert. "Amma ga shi yana kular masa da mota." Ya juya kekensa.

Roelof ya ajiye kofi ya bi shi yana ɗingishi, kowa na ji ya ce, "Yaya! Yaya, tsaya ka sha kofi mana."

Egbert bai waiwayo ba. "Matacce ba ya shan kofi, Roelof. Koma, baƙinka na jira."

Likitan ya ja matarsa suka shiga motarsu ba sallama. Lubbers ya zazzaga wa Roelof zagi, ya ɗauke Marsandinsa, bai sake dawowa ba.

Yanzu kowace Lahadi bayan coci, Roelof yakan hau bas zuwa gari da kwandon ƙwai, ya ajiye a ƙofar Egbert. Har yau kunya ba ta bar shi ya ƙwanƙwasa ba. Sai dai in ya komo, yakan tarar da kwandon wancan makon a waje, babu ƙwai ko ɗaya a ciki, ƙofar kuwa a rufe.