Baba Mai Kunne da Kukan Birkin Goggo

Kafin masu shaguna su gama sharar ƙofa, Baba Mai Kunne ya riga ya buɗe garejinsa, ya jera sifanu a kan tsohon buhu, ya zauna a kan tayar da ta zama kujerarsa yana sauraren titi. Ba a banza aka laƙaba masa sunan ba. Mota za ta wuce, ko kai bai ɗaga ba zai ce wa mai facin da ke gefensa wannan ba za ta yi nisa ba, mai faci kuwa ya daɗe da daina musu. Ƙarshen watan nan Baba zai ajiye sifana, don gwiwa ta ƙi, 'ya'ya kuma sun tasa shi gaba sai ya huta. Bai kamata ya tafi ba a ba da labarin Goggo Direba ba.

Goggo ita ce ke kai yaran unguwa makaranta a tsohuwar bas ɗin da mijinta ya rasu ya bari, da ita take riƙe marayunta. Kwatsam bas ta tsiri kuka, duk sanda aka taka birki sai ƙiii, ana jiyo ta tun daga kwanar layi. Aka canja birkin gaba, kuka na nan. Aka fesa wa birkin man gwangwani, ta yi shiru da safe, kafin la'asar ta dawo da ƙarfinta. Iyaye suka fara ƙus-ƙus, daga baya suka aiko ƙarara cewa in mako ya juyo ana jin wannan ƙara, kowa zai nemar wa ɗansa wata mota. Ba a ga laifinsu ba. Wa zai ɗora ɗansa a motar da birkinta ke ihu?

Ta zo gareji ido ya yi ja. Baba kuwa yana da ƙa'ida: ba ya kwance taya sai ya hau motar, kuma mai ita ne zai tuƙa. Ya lallaɓa da gwiwarsa ya zauna can kujerar baya, ya sa ta bi gefen doguwar katangar wani sito, don bango ya dawo masa da ƙarar. Nan ya gane daga baya take fitowa, ɓangaren dama. Sai ya ce ta yi yadda take yi kullum, ta tsaya ƙofa-ƙofa kamar tana ɗaukar yara. Duk tsayawa, Goggo sai ta sa hannu biyu ta fizgi birkin hannu har tana ɗaga kafaɗa. Ya tambaye ta dalili.

"'Ya'yan mutane ne ke hawa, Baba. Tsoro nake kada ta gangara."

Ya sauka ya kai bayan hannunsa jikin ƙarfen tayoyin baya. Na hagu lafiya lau, na dama zau kamar murfin tukunya. Da ya buɗe gangar birkin, abin da ya zata shi ya tarar: yawan fizga ya sa wayar birkin hannu ta tsintsinke tana maƙalewa, takalmin birki ya wuni yana gugar ganga har ya yi santsi yana ƙyalli. Ya canja wayar, ya sa sabbin takalma dama da hagu, ya goge gangar da samfefa, ya ɗiga giris a inda ƙarfe ke haɗuwa da ƙarfe kaɗai. Yana goge hannu ya ce, "Tsoron nan naki mai kyau ne, 'yata, kada ki bar shi. Amma mota ba akuya ba ce da za ki shaƙe da igiya. Ki ja har ki ji ta kama, ki ƙyale ta."

Washegari Goggo ta tsaya a ƙofar farko, ba kowa. Ta biyu ma haka. A ta uku ta kifa kai a sitiyari, don ta sakankance an kwashe mata yara. Can sai ga wata uwa ta leƙo da tsintsiya, ta gan ta, ta saki salati.

"Goggo, yaushe kika zo? Ai mu kukan muke jira!"

Ashe yara suna ciki tsaf da jakunkunansu, kowane gida an kasa kunne. Ranar duk sun makara, Goggo kuwa tana tuƙi tana dariya tana share hawaye. Da labari ya iso gareji, Baba cewa kawai ya yi ta kawo motar ya duba mata hon, tunda yanzu shi zai sha aiki.

Kai ne, Baba, mai jin ciwon ƙarfe kafin ya yi tsanani. Kai ne ka gane cewa rabin cutar mota a hannun mai ita take, ka gyara hannun ba tare da ka kunyata mai shi ba. Mun gode, Allah ya huta gajiya, ya ba gwiwa lafiya. Ku da za ku gaji wurin, ku gaji kujerar bayan nan kafin ku gaji sifana: ku hau, ku saurara, sannan ku kwance.

Har yau bas ɗin Goggo na wucewa ta gaban garejin kowace safiya, cike da yara. Ita ce mota ɗaya a titin nan da sai Baba ya ɗaga kai yake sanin ta wuce.