Kunyar Da Na Cusa Wa 'Yata A Jaka

Assalamu alaikum Edita. Ni mutumin Tiga ne, masunci ɗan masunci, kuma idan ana neman wanda ya fi kowa iya bayani a kan abin da bai sani ba a bakin dam ɗin nan, ni za a nuno maka. Bokona ya tsaya tun a firamare, ranar da na lura cewa kifi ba ya tambayar mutum lissafi. Amma da 'yata ta biyu ta samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya a birni, sai na wayi gari na zama farfesa. Ina rumfar mai shayi ina koya wa mutane yadda ake karatun nas, alhali iyakar sanina da asibiti shi ne na taɓa kwana a baranda ina jinyar ƙanena.

Ranar da ake haɗa mata kaya, yarinyar ta ce an gaya musu lacca kan kai tun safe har bayan azahar, malami na fita wani na shigowa. Uwarta ta saka mata gorar ruwa da dabino da ƙullin soyayyar gyaɗa a jakar zuwa aji. Ni kuwa na sa hannu na fito da su. Na ce 'yar gidana ba za ta zauna cikin maza tana tauna kamar akuya ba, mu haka muka tashi, budurwa ba ta motsa baki a bainar jama'a. Uwarta ta ce Malam, yarinyar nan tun tana ƙarama yunwa ke sa mata jiri. Na ce ta yi shiru, ba ta san birni ba. Na maye gurbinsu da turare da takalmi mai tsini, don a san daga gidan mutunci ta fito, na kuma sa ta yi mini alkawarin ba za ta ci ko ta sha komai a aji ba. Ni mai wannan wa'azin, da yammar ranar a bakin titi na tsaya ina ɓare gasasshiyar karfasa, mai yana bin gwiwar hannuna.

Ashe yarinyar ta riƙe alkawarin fiye da yadda ni nake riƙe nawa. Ajinsu cike yake, wanda ya zauna a baya ba ya jin malami, don haka sai ta fita ba karin kumallo don ta kama gaba, ba ta kuma tashi kada a gaje wurin. Da ta zo hutu na ga ta rame, idanu sun faɗa, sai na riƙa nuna ta ga maƙwabta ina cewa ilimi ne ke cin ta. Ta ce mini tana karatu ba ya zama, ga jarrabawar tankaɗe da rairaya na tafe, wadda duk wanda ya faɗi sai ya tattara ya koma gida. Na ce ta ƙara addu'a.

Ina gyaran komar kamun kifi wata rana aka kira ni a waya, wai ta yanke jiki ta faɗi ana tsakar lacca, goshinta ya bugi benci. Ban san yadda na kai birni ba. Na same ta an sa mata ƙarin ruwa, wata malamarsu na zaune a gefe. Malamar ta ce gyambon ciki ne da ƙarancin ruwa a jiki, ta kuma ce ƙawayenta sun sha miƙa mata ruwa da biskit tana cewa Baba ya hana. Na yi ƙoƙarin mayar da abin wasa, na ce ai duk danginmu haka muke da juriya. Matar ba ta ko murmusa ba. Ta ce idan yarinyar ta ƙara rasa darussa ba za a bar ta ta zauna jarrabawar ba. Ita kuma 'yata ta juya fuska bango, ta ce in tafi da ita gida, ta gaji.

A nan ne taurin kaina ya yi amfani karo na farko. Na ce ba inda za ta, ni na ɓata kuma ni zan gyara. Na warware alkawarin a gaban malamar, na koma Tiga na shirya mata guzuri da hannuna: bandar kifi da ƙuli-ƙuli. Edita, sati bai zagayo ba ta bugo waya, wai ta buɗe jaka aji ya koma kasuwar kifi, ta gatsa ƙuli-ƙuli kuma malami ya tsaya yana tambayar wa ke fasa dutse. Ranar ce na fara jin dariyarta tun da ta tafi. Daga nan na bar farfesanci, na zauna ita da uwarta suka koya mini. Abin ci ya zama marar ƙara marar wari, kamar dabino ko ayaba ko gyaɗa da aka murje. Gorar ruwa babba, a riƙa kurɓa tun ƙishi bai zo ba. Biro fiye da ɗaya, batirin cajin waya, takalmi shafaffe, da mayafi mai kauri don ɗakin da fanka ke kaɗawa. Akwai kuma audugar mata, wadda da ko sunanta ba na iya faɗa, yanzu ni ke shiga kemis in saya, mai shagon na ƙunshe dariya. Takalmi mai tsinin nan yana ƙarƙashin gadona, ina duba shi duk ranar da na ji iyayi na taso mini.

Ta ci jarrabawar da ƙyar, ta gama karatunta, yanzu tana aiki a wani ƙaramin asibiti wajen Falgore. Ni kuma na ɗauri aniyar duk uban da na ji 'yarsa ko ɗansa zai tafi wannan karatu, daga Yako har Doguwa, sai na je na ishe shi da surutu. 'Yan'uwana iyaye, ku tambayi yaran nan yadda wuninsu yake kafin ku kafa doka. Kunya abu ce mai kyau, ban ce a yar ba, amma ni na ga inda ta kai yarinya ƙasa a gaban mazan da nake gudun su ga tana tauna.

Kwanakin baya ta zo gida, ina tsokanarta, na ce ke ma da wauta, wa zai gan ki a birni da kin ci dabinonki a ɓoye? Ta dube ni, tabon nan na goshinta na nan, ta ce, "Baba, ai na san zan faɗi. Faɗuwar ce ta fi mini sauƙi a kan in saɓa maka."

Ni da ba a taɓa rufe mini baki a rumfar mai shayi ba, sai na tashi na shiga ɗaki na leƙa ƙarƙashin gado, na dubi takalmin nan mai tsini.