Guzurin da Inna Ta Haɗa Mini

Yanzu da girma ya zo, abubuwa da yawa sun fara shige mini duhu, har sunayen wasu malamaina sai na yi da gaske nake tunawa. Amma abin da ya faru tsakanina da mahaifiyata a shekarar da na gama sakandare, ba na jin zai bar zuciyata sai ranar da aka rufe ni da ƙasa. Na daɗe ina shakkar rubuta shi, don kada a ɗauka ina zargin wani. Ba na zargin kowa. Zan faɗa yadda na san shi, inda ban tabbata ba kuma zan ce ban tabbata ba.

Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Maruta, wajen Gwaram, na kuma yi sakandare ta kwana a Birnin Kudu. Lokacin muna cikin Jihar Kano, an gama yaƙin basasa ba da daɗewa ba, kuɗin mai ya fara shigowa, gwamnati na neman 'yan boko ido rufe. Duk wanda ya ci jarrabawar ƙarshe da kyau kuma yake son jami'a, hanya biyu ce a gabansa. Ko ya zauna a makarantarmu ya ƙara shekara biyu, abin da muke kira aji shida, ya sake wata babbar jarrabawa sannan ya wuce. Ko kuwa ya tafi makarantar share fagen shiga jami'a a Zariya, inda in ya yi ƙoƙari shekara guda ta ishe shi. Allah ya sa na ci, duka biyun kuma suka ba ni gurbi.

Wani zai ce ai wannan abin murna ne. A wurina wahala ce. Ni tun ina yaro ba na iya yanke magana. Ko takalmi zan saya sai na koma wurin mai shi sau da yawa. Abokaina a makaranta Malam Wataƙila suke kirana. Na tambayi shugaban makaranta, ya ce in zauna, karatun aji shida ya fi nauyi da daraja. Na tambayi malamin lissafi, ya ce in tafi, wanda ya riga fitowa shi zai riga samun kujera. Kowa na tambaya sai in ga gaskiyarsa.

Amma abin da ya fi damuna ba karatun ba ne. Inna ba ta da lafiya. Tun haihuwarta ta ƙarshe, wadda ɗan bai zo da rai ba, take fama da tari, daga baya ƙafafunta suka fara kumbura. Daga Birnin Kudu, ranar kasuwa mutum zai iya hawa motar kaya ya iso gida kafin la'asar, ga kuma asibiti a garin in ta kama a kai ta. Daga Zariya kuwa sai an bi ta Kano, kuma sai hutu. Wannan shi ne ainihin zaɓin, ko da yake ban taɓa faɗa wa ko ɗaya daga cikin malaman ba.

A nan dole in yi wa yaran yanzu bayani. Ni ne ɗan fari, kuma a gidajenmu na lokacin uwa tana kunyar ɗanta na fari ƙwarai. Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba, ba ta zama inda nake, ba ta yi mini magana kai tsaye. In tana son in ji wani abu, sai ta faɗa wa wata jar akuya da take kiwo a tsakar gida. Zan zauna a rana ina karatu, sai in ji ta ce, "Ke Ja, su wasu ba su san akwai inuwa a gidan nan ba?" Sai in ɗauki littafina in koma gindin darbejiya. Ni ma haka na taso, ba na iya haɗa ido da ita. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san wannan. In an raba nama, kasona ne yake zuwa da tsoka.

In magana ta yi nauyin da akuya ba za ta iya ɗauka ba, Gwaggo ce take shiga tsakani, wato yayar Baba, wadda ta goye ni bayan yaye. Ita ce take zuwa ta ce mini, "Kai ɗan boko, uwarka ta ce kaza," ta kuma mayar da amsa, ta ƙara nata gishiri a hanya. To a wannan shekarar Gwaggo tana Basirka, 'yarta ta haihu, ta tafi yi mata wankan jego.

Kafin in bar Birnin Kudu na yi wani abu irin na halina. Na ga cewa in har Zariya ce, zan buƙaci akwati, kuma a ƙauyenmu babu inda zan samu. Sai na sayi akwatin kwano, shuɗi mai zanen fure, don ko da. Ban yanke komai ba. Hasali ma a cikin motar, ina zaune a kan buhunan gishiri da akwatin a cinyata, zuciyata ta fi karkata ga zama a Birnin Kudu. Abin da nake jira kawai shi ne wata 'yar alama daga Inna cewa tana son in kasance kusa.

Na shiga gida ɗauke da akwatin a ka. Ƙarshen damina ne, an fara cire gyaɗa. Inna tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsince wake. Na ga ta ɗaga kai ta dubi akwatin, ta ɗan jima tana dubansa, sannan ta tattara kwaryarta ta shige ciki. Lokacin na ɗauka kunyar da ta saba ce.

Bayan sallar magariba na sami Baba a zaure na yi masa bayanin hanyoyin biyu, na tsawaita, na kawo amfanin kowace da illarta. Ya saurara har na gama, sannan ya ce shi gona ya sani, boko nawa ne, in zaɓi wadda ta fi alheri, Allah ya yi albarka. Ya ƙara da cewa ya ji a kasuwar Gwaram ana cewa Zariya sai masu ƙwaƙwalwa ake ɗauka. Na so in ce masa, to Inna fa? Amma ɗa ya tambayi ubansa game da ran uwarsa, a lokacin sai na ji kamar rashin ta ido ne. Na yi masa godiya na tashi.

Washegari da safe ƙarar turmi ta tashe ni. Inna ce take daka gyaɗa. Ta soya, ta matse mai, ta murza ƙuli-ƙuli. Kashegari ta daka yaji, ta tankaɗe kuka, ta yanka kuɓewa ta shanya. Sai dakuwa. Duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san ma'anar wannan. Mai komawa Birnin Kudu fura ake dama masa a gora, don gida bai yi nisa ba. Abin da ba ya lalacewa, mai yawa haka, na mai tafiya mai nisa ne. Tana daka tana tsayawa ta dafa taɓarya ta yi tari, ta huta, ta ci gaba. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce ta kawo ta taya ta, Inna ta ce a'a, wannan da hannunta za ta yi.

Na tsaya ina kallo, na ce a raina, ga alamar da nake jira, amma ba wadda na so ba. Inna tana so in tafi.

Duk da haka na yi ƙoƙari sau ɗaya. Na je na tsuguna nesa da turmin, na juya baya kamar ina gyara igiyar akuyar, na ce da ƙarfin da za ta ji, "Ai an ce ko a Birnin Kudu ma ana iya ci gaba da karatun. Shekara biyu ce kawai, kuma kusa da gida."

Taɓarya ta tsaya. Na ji numfashinta yana fita da ƙyar. Can sai ta ce, "Ke Ja, matsa daga nan, kar ki ɓarar da guzurin mutane. Wanda Allah ya buɗe wa hanya ba ya zama gadin tsofaffi."

Ta ci gaba da daka. Ni kuwa na ɗauki wannan a matsayin umarni, kuma ban taɓa saɓa wa Inna ba. Na tashi na fara shirya akwati.

Ranar tafiya Inna ba ta fito ba, don uwa ba ta raka ɗan fari. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na ce zan tafi. Asabari yana sauke. Sai hannunta ya fito ta ƙarƙashi ya turo wani ɗan ƙaramin gora cike da yaji, ta ce, ba tare da ta ambaci kowa ba, an ce garin da sanyi, a riƙa rufe ƙirji. Ta ƙasan asabarin ina ganin ƙafafunta, sun kumbura har fatar tana sheƙi. Abin da na gani ke nan na ƙarshe a jikin mahaifiyata. Ba fuskarta ba, ƙafafunta.

A Zariya na duƙufa ga karatu kamar mai gudun wani abu. Ina gaya wa kaina in na yi sauri na gama, na sami aiki, zan kai ta babban asibiti a Kano. Ƙuli-ƙulin ya kai ni watanni, ina cin kaɗan-kaɗan, abokan ɗaki suna tsokanata wai ina lissafa shi kamar zinariya. Ana saura kaɗan a yi hutu, wani mutumin garinmu mai fataucin barkono ya zo ƙofar makaranta ya sa aka kira ni. Ya ce in zo gida, jikin Inna ya ɗan matsa. Ya faɗa yana kallon ƙasa, ya kuma cire hularsa yana juya ta a hannu. A garinmu ba a aiko mutum har Zariya don jiki ya ɗan matsa. Na gane.

Na tarar an riga an yi sadakar bakwai. Baba ya kai ni kabarin, muka yi addu'a, muka dawo gida. Akuyar tana nan ɗaure a inda take.

Gwaggo ta dawo daga Basirka tun kafin rasuwar, ita ta yi jinyar. Da masu gaisuwa suka ragu ta kira ni ɗakin Inna, ɗakin da ban taɓa zama a ciki ba tun ina yaro. Ta dube ni ta ce, "Ɗan boko, me ya sa ka tafi? Birnin Kudu ta yi maka kaɗan ne?"

Na ce ai Inna ce ta ce in tafi, ita ta haɗa mini guzuri, na kuma faɗa mata abin da ta ce wa akuya.

Gwaggo ta riƙe baki. Ta ce Inna ta gaya mata cewa ranar da ta ga na shigo da sabon akwati, ta san na riga na zaɓi Zariya, don ba a sayen akwati a koma inda aka fito. Shi ya sa ta tashi da ciwonta ta hau daka, don kada in tafi hannu wofi. Maganar da na yi a bakin turmi ma ta ji ta sarai, amma ta ɗauka tausayinta ne ya kama ni da na ga tana tari, ita kuwa ba za ta yarda ta zama sanadin mayar da ni baya ba. Gwaggo ta ce duk ranar kasuwa sai Inna ta sa a fito da ita bakin ƙofa, wai ta sha iska, tana sauraron motar Birnin Kudu, alhali ta san ba na ciki. Wata rana Inna ta ce mata, "Da a can ya zauna, ko motsinsa na ji a zaure ya ishe ni."

Na ce, "Gwaggo, wallahi zama na so in yi. Akwatin don ko da na saya."

Ta ce, "Kai da ko da ɗinka. Ita da kunyarta. Da ina nan da na haɗa kawunanku na ƙwanƙwasa." Ta so ta yi dariya, sai kuka ya zo mata. Da ta share ido ta gaya mini abu na ƙarshe. Ta ce ranar da Inna za ta cika, ta buɗe ido ta kira sunana, sunan yanka, a fili, ta tambaya ko na iso.

Sau ɗaya ke nan a duniya da sunana ya fito daga bakin mahaifiyata, kuma ban ji ba.

Na koma Zariya na ƙarasa, na shiga jami'a, na fita shekara guda kafin abokaina da suka zauna aji shida. Ban san abin da na yi da wannan shekarar da na ci riba ba. Ba kuma zan ce da na zauna da Inna ta rayu ba, ajali ba ya jiran kowa, kuma wataƙila asibitin ma ba abin da zai iya. Abin da na sani kawai shi ne da na riƙa zuwa ranar kasuwa, da ta ji motsina a zaure.

Yanzu yara sukan zo wurina bayan sun gama sakandare, su ce wace hanya ta fi kai mutum jami'a da sauri. Nakan gaya musu abin da na sani game da kowace, amma nakan ƙara da cewa hanyoyin duka suna kaiwa, su fara komawa gida su tambayi waɗanda za su bari a baya, kuma su tambaya da baki. In kunya ta hana, su nemi wanda zai kai maganar ya dawo da amsa, su jira shi ko da zai daɗe. Kada su karanta zuciyar mutum a jikin turmi, kada kuma su bari a karanta tasu a jikin akwati. Kunya abu ce mai kyau, har yau ina girmama ta, amma akwai tambayar da in ba a yi ta a fili ba, ba za a sake samun mai amsa ta ba.

Ɗiyata ta fari, tsofaffin garinmu suna yi mini dariya wai ba ni da ta ido, don ina kiranta da sunanta a gaban kowa. Nakan bar su su yi dariyarsu. Ina so ta ji shi daga bakina tun ina da rai.