Ban Ga Hawaye Ba

A majami'armu da ke unguwar Sintali a Jalingo akwai wani benci can baya, jikin bango, kusa da inda ake jingine tsintsiya da bokiti. Ba a rubuta komai a jikinsa ba, amma kowa ya san ba a zama a kai haka kawai. Bencin horo ne. Wanda laifinsa ya kai kunnen dattawa, nan zai riƙa zama har wa'adinsa ya cika. Ba ya cin Jibin Ubangiji, ba ya fita gaba ya yi waƙa. In kuwa mace ce 'yar zumunta, sai a karɓe zanen zumuntarta a ba shugaba ta ajiye. A shekarun da nake magana a kai ni ce shugabar zumuntar mata, don haka akwatina ne ma'ajiyar.

Wanda bai zauna cikinmu ba zai ce ai zane zane ne. Atamfa ce iri ɗaya da dukanmu muke ɗaurawa ran taro da ran biki, ba ta ma da wani kyau. Amma ranar da 'yar zumunta ta rasu, mukan fito gaba ɗaya cikin zanen, muna buga tulu da caki, a shimfiɗa nata a kan akwatin gawa tun daga gida har bakin kabari. Matanmu suna iya haƙura da mugun miji, su haƙura da ciwon ƙafa, amma ka ce wa ɗaya za a kai ta da akwati tsirara, ka ga yadda fuskarta za ta koma.

Mai buga mana tulu wata dattijuwa ce 'yar Mumuye, asalinta Iware, tana zaune a unguwar Kachalla Sembe tana sayar da daddawa. Da guntun katifa take dukan bakin tulun, amma in ta fara, har dattawan da suka ɗauki rawa a matsayin zunubi sai ka ga ƙafarsu tana motsi a ƙarƙashin babbar riga. Ita ta karɓe ni lokacin da aka yi wa mijina canjin wurin aiki muka zo Jalingo, ina amarya, ban san kowa ba. Da na haifi ɗana na fari, ita ta riƙa tako ƙafa kowace safiya ta dafa mini ruwan wanka. “Yarinya na” take ce mini. Ni kuma ina ce mata Mama, kuma har cikin raina nake faɗa.

Sai aka yi taron farkawa na kwana uku a majami'armu. Ran ƙarshe da la'asar, mai wa'azi yana magana a kan zuciyar da ta taurare, na ji kamar da ni kaɗai yake. Na fita gaba na faɗi ƙasa, na yi kuka har ɗankwalina ya fita, har muryata ta dushe. Ba zan ce ƙarya ba ce. Bayan ranar na daina ƙaryar da nake yi wa shugaban ofishinmu in na makara, na je na nemi gafarar ƙanwata da muka yi shekara biyu ba ma magana, na fara tashi addu'a ba tare da an tashe ni ba. Wani abu ya canza a cikina, wannan gaskiya ne.

Amma na taso daga ƙasan nan da mudu a hannu. Duk wanda na gani sai na auna shi da abin da ya faru da ni. Wadda ba ta faɗi ba, ba ta yi kuka ba, a wurina ba ta riga ta sadu da Ubangiji ba, zaman benci kawai take yi. Addu'ata ta yi tsawo har mata suka fara leƙen agogo, ni kuwa ina jin daɗin hakan. Shekara ba ta zagayo ba aka zaɓe ni shugaba, don ba wadda ta isa ta tsaya takara da macen da ke kuka in tana addu'a.

A cikin haka mijin mai tulu ya rasu. Da ya cika shekara, danginsa na Iware, waɗanda yawancinsu ba sa zuwa majami'a, suka ce sai an fitar da makoki yadda suka gada, da burukutu, kuma matar mamaci ce za ta dafa da hannunta. Wata Laraba na je gaishe ta, na tarar da tsiron dawa shanye a kan tabarmi biyu a tsakar gida, ga manyan tukwane an wanke an kife. Ba ta ko yi ƙoƙarin tare mini hanya ba.

Na ce, “Mama, wannan fa?”

Ta ce, “Na makoki ne, yarinya na. Mutanen baban yara ya ce dole. Ni ba zai sha ba. In na dafa sau ɗaya, shi ke nan, su bar ni da yara na lafiya.”

Ta kawo mini kunu na sha, ta ƙulla mini daddawa a leda na karɓa. Ran Lahadi bayan sujada na shiga ofishin fasto na faɗa wa dattawa abin da idona ya gani. Na tuna ina jin zuciyata fes, kamar wadda ta share ɗaki. Suka kira ta, ba ta musa ba. Aka yanka mata horon wata shida.

Da kaina na je karɓar zanen, ko da yake ina iya aikawa. Na tarar ta wanke shi, ta goge da dutsen guga na gawayi, ta ninke ta sa a leda. Ta miƙo mini da hannu biyu ta ce, “Ajiye shi wuri mai kyau, Malama, kada gara ya ci.” Ranar ta fara ce mini Malama, kuma ba ta sake kira na da wani suna ba.

Wata shida tana zuwa. Kafin kowa ya iso ta riga ta share majami'a, ta goge bencina, ta koma nata can baya ta zauna. Wadda muka ba tulu ba ta iya ba, kullum tana bin waƙa a baya kamar akuya a igiya. In na waiga sai in ga hannun mai tulu yana dukan gwiwarta, daidai inda ya kamata a buga. Ran Jibin Ubangiji kuwa, in mun tashi layi-layi, sai ta sunkuyar da kai har a gama. Ina ganin duk wannan, kuma bari in faɗa tunda na ɗauki alƙalami: daɗi nake ji. Ina ganin kamar aikin Ruhu ne nake kallo, kuma da hannuna aka fara shi.

Al'adarmu ita ce, in wa'adi ya cika, dattawa su kira mai horo ya faɗi tubansa, sannan shugaban ƙungiyarsa ya shaida cewa ya ga canji. Kalma biyu ce: na shaida. Daga nan sai a mayar da mutum ran Lahadi da tafi da guɗa. Ban taɓa jin an hana kowa ba.

Muka zauna a ofishin fasto da rana, fanka tana juya zafi. Mai tulu ta tsaya, hannunta a baya, ta ce, “Na yi laifi. Ba zai sake ba. Na gaya ma Yesu, ya ji.” Iyakar abin da ta ce ke nan. Idonta a bushe, muryarta kamar mai faɗin farashin daddawa. Ni da na yi birgima a gaban jama'a kafin in ji an gafarta mini, sai na ƙura mata ido. Wato ita a tsaye za ta karɓi nata, da jimla uku?

Fasto ya juyo ya ce, “Shugaba, me kika gani?”

Na ce, “Baba Fasto, ban ga hawaye ba.”

Wani dattijo ya yi gyaran murya, wani ya duƙufa yana kallon takalminsa. Mai tulu ta dube ni, ba da fushi ba, ta ce, “Malama, ni na binne yara huɗu, na binne miji. Ruwan ido ya ƙare.”

Na ce, “Mama, kukan duniya daban, kukan tuba daban.”

Har yau ina jin yadda maganar ta fito daga bakina sumul, har na yi sha'awar kaina. Ba wanda ya ja da ni. Aka ƙara mata wata uku. Ta ce, “To,” ta durƙusa ta gaishe da dattawa ta fita.

Cikin damina ne, saura mako biyar ta gama, zazzaɓi ya kwantar da ita. Na ji labari ran Talata, na ce sai Asabar in na sami sarari zan je. Ran Juma'a ta rasu.

Da safe babbar 'yarta, wata tela da nake ba ɗinki, ta zo gidana. Ba ta zauna ba. Ta ce, “Anti, na zo karɓan zanen Mama. Gobe za mu kai ta Iware.” Zanen yana cikin ɗaki, taku goma daga inda take tsaye. Na ce mata ta san doka, wadda ta rasu cikin horo ba a rufa mata zane, zumunta kuma ba ta fita da kayanta. Ta ce ta riga ta je wurin fasto, ya ce maganar zane tana hannun shugabar zumunta, in na yarda shi ba ruwansa. Wato ƙofa a buɗe take, ni kaɗai ce a bakinta.

Ta ce, “Anti, mako biyar ne fa ya rage. Ko da take kwance, zanen nan take tambaya.”

Na ce in muka buɗe wannan hanya, gobe kowa zai yi abin da ya ga dama ya mutu a rufa masa. Na ƙara da cewa Allah ba zane yake dubawa ba. Ta ce, “To ki ba ni mana, tunda ba ya dubawa.” Ban ba ta ba.

Muka je Iware cikin kayan gida, kowa da irin nata, kamar masu zuwa kasuwa. Ba tulu, ba caki. Aka fito da akwatin, farin katako ne ko fenti babu, ana ganin kawunan ƙusoshi, ana ganin inda kafinta ya ja layi da fensir ya auna tsawonta. Ban taɓa ganin akwatin 'yar zumunta haka ba, don kullum zane yana rufe wannan. Ashe gajeriya ce ƙwarai. Sai wata tsohuwa daga dangin mijin, cikin mutanen nan da muke kira masu shan giya, ta kwance tsohon zanen da ta yafa, duk ya koɗe, ta shimfiɗa a kai ta gyara gefensa da tafin hannu.

Nan kuka ya ƙwace mini. Na faɗi ƙasa, ɗankwali ya fita, mata suka riƙe ni suna cewa, “Wayyo Shugaba, ai uwa ce a wurinta.” Irin kukan ranar farkawa ne sak, muryar ɗaya, birgimar ɗaya. Ina cikin yi sai na ji an dafa kafaɗata. 'Yarta ce. Idonta a bushe kamar na uwarta. Ta sunkuyo ta ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, “Ƙara murya, Anti, dattawa suna can baya, ba su gani ba.”

Kukan ya tsaya cak, kamar an rufe famfo. Tsayawar nan tasa ita ta tona mini asiri. Ni mai arhar hawaye ce tun ina yarinya. Na yi kuka an saya mini takalmi, na yi kuka an fasa dukana, ina kuka a bikin mutanen da ban sani ba. Abin da ya fi komai sauƙi a wurina, shi na ɗora wa matar da ba ta da shi, na ce shi ne ƙofar shiga. Ita kuwa wata bakwai da ɗoriya tana share inda zan taka, ba ta fasa ko Lahadi ɗaya ba, ban kira wannan tuba ba.

Bayan mako guda na kai wa 'yar zanen a shagonta. Ba ta ɗaga kai daga keke ba, ta ce, “Wa zai ɗaura?” Na dawo da shi. Yana nan a akwatina cikin ledarsa, nakan fitar da shi in shanya don kada gara ta ci, har yanzu da ɗan ƙamshin hayaƙi da daddawa. Na ajiye shugabanci a ƙarshen shekarar, na ce hawan jini ne, aka yi mini liyafa aka ba ni kular abinci. Ba wanda ya kai ni gaban dattawa, don a dokarmu ban yi laifin komai ba. Ran da na mutu za a rufa mini zane, a buga tulu tun daga Sintali har maƙabarta.

Wata Lahadi na zo da wuri, na wuce kai tsaye na zauna a bencin baya, kusa da tsintsiya. Ban yi minti biyar ba matar da ke shirya wa mutane wurin zama ta hango ni, ta taho da sauri tana dariya. Ta ce, “Haba Mama! Ke da wannan wuri? Allah ya kiyaye.” Ta ɗauki jakata, ta kama hannuna, ta kai ni layin gaba inda fanka take, ta kakkaɓe mini kujera. Na zauna.